Shaidar da Baba Ya Bayar a Kan Kare

Gidan Waya, 14 ga Oktoba, 1990

"Maruru ne, Malama. Ko makaho ya taɓa ya san maruru ne." Da wannan Gwaggo Afiniki ta tare ni ranar Asabar da na je gida, tun ban sauke jakata ba, kuma a gaban Baba ta faɗa. Baba ya ce, "To, makahon ya taɓa, bai sani ba."

Kaleb, ka yi haƙuri na fara da Gwaggo kafin gaisuwa, ni ma haka ta yi mini. Ina gaishe ka, ƙanena. Yaya karatu, yaya sanyin Rasha? Mu muna lafiya. Baba yana cin abinci sosai, Gwaggo tana fama da gwiwa da kuma maƙwabta. Ni ina nan kwalejin garin Gidan Waya ina koya wa malaman gobe ilimin halittu, suna rubuta duk abin da na faɗa, har tarin da na yi.

Fasinja ne ba lafiya. Ka tuna shi, karen nan mai gajeren hanci da Oga Romanus ya bar wa Baba a tasha shekarar rikici, da ya kwashe iyalinsa zuwa gabas ya ce zai dawo ya ɗauka. Lokacin da ka tafi kare ne kawai. Tun da idanun Baba suka ƙarasa mutuwa, shi ne ƙafarsa. Kowace safiya Baba zai kama igiya, Fasinja ya bi da shi gefen layin dogo zuwa tasha, Baba ya zauna da tsofaffin abokan aikinsa su zagi hukumar jiragen ƙasa, daga nan coci, daga coci gida. Na saya masa sanda, ya ce shi ba mai bara ba ne. Gwaggo ta riƙe masa hannu sau ɗaya, ba su kai bakin titi ba suka rabu baram-baram. Ka gane ke nan: in babu karen nan, Baba ɗaki zai zauna, kuma ka san mutumin da ya yi rayuwarsa a waje ba ya daɗewa a ɗaki.

Wani ƙari ne ya fito wa karen a matsematsi, cikin cinyar hagu. Girmansa kamar goro. Ba gashi a kansa, ba baki, ba mugunya. Gwaggo ta ce da damina bai wuce ƙwayar wake ba. Yana yawan lasar wurin. Abin da ya ba ni mamaki, da na ɗan latsa shi da safe, kafin azahar ya yi ja ya ƙara tashi, kamar ya ji haushi.

Mun tura ka ka zama likitan dabbobi, to ga dabba. Ka rubuto da Hausa don in karanta wa Baba, ba ya yarda da fassarata.

Yayarka,
Hulda

Karkof, 20 ga Nuwamba, 1990

Yaya Hulda,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Jiya wasiƙarki ta iso, na karanta ta a tsaye a layin burodi. Ina lafiya, sai dai mura. A gaishe mini da Baba da Gwaggo, a ce mata ina mafarkin miyar karkashinta.

Yaya, ba na jin maruru ne. Abin da kika ce, ya yi ja ya tashi bayan kin latsa, shi ya tayar mini da hankali. A fatar kare akwai wasu ƙwayoyin halitta da muke kira mast. Cike suke da irin sinadarin da ke sa wurin cizon kudan zuma ya kumbura. Wani lokaci sukan zama ciwon daji, kuma karnuka masu gajeren hanci sun fi kamuwa. Duk lokacin da aka matsa ƙarin, sinadarin nan yakan zuba cikin jiki. Saboda haka, don Allah, kada a matsa, kada a gasa, kada a yi sakiya. Kada kowa ya taɓa.

Ki kula da wannan sosai. Irin wannan ƙari yakan kumbura, kuma yakan sace da kansa. Sacewar ba warkewa ba ce. Ruwan da ya tara ne ya tafi, tushen yana nan.

Za ki iya tabbatarwa da kanki. Ki soka siririyar allura, ki ja kaɗan, ki shafa a gilashi, ki rina da rinin da ake gwajin zazzaɓin cizon sauro da shi. In kin ga ƙwayoyi kewayayyu cike da ɗige-ɗige shunayya, shi ne.

Kashi uku muke raba su. Na farko, a yanke a manta. Na uku, ko an yanke yakan dawo ya bazu. Na tsakiya shi ne ke hana likita barci, don ba ya faɗin inda ya nufa. Ba a sanin kashin sai an cire an duba. Amma akwai alamu: in yana girma da sauri, in a matsematsi yake, in ya fashe, in kaluluwa ta fito kusa da shi, in kare ya fara amai. Biyu na farko kin riga kin faɗa mini. Sauran ba su zo ba tukuna, shi ya sa nake da sa rai.

A kai shi asibitin dabbobi na Zariya yanzu, kafin Kirsimeti. Abokina Leonard yana can, ki ce ni na aiko ki. Za su yanke da faɗi, su haɗa da lafiyayyar fata kamar faɗin yatsu biyu ta kowane gefe. Zai yi makonni bai ja Baba ba. Baba ya daure.

Ƙaninki,
Kaleb

Gidan Waya, 9 ga Disamba, 1990

Likita,

Ina gaisuwa. Shiru har yanzu, ban sani ba ko gidan waya ne ko kai ne. Kowa lafiya, har da mara lafiyar, kuma wannan shi ne labarin.

Da muka gaji da jiranka, Baba ya kai ƙara gaba. Ranar addu'ar Laraba Fasto ya ce wa ke da abin da za a yi wa addu'a. Wata ta ce ɗanta zai rubuta jarrabawa, wani ya ce matarsa tana asibiti. Sai Baba ya miƙe daga kujerar dattawa ya ce, "A yi wa karena addu'a." Ina wurin. Dariyar daga bencin zumuntar mata ta taso, ta bi layi-layi har gaba. Dattijo Zamani, wanda suke gaba da Baba tun suna aikin jirgi, ya kira Baba da sunansa ya ce da ƙarfi, "Kambai, mako mai zuwa kuma akuya?" Faston yaro ne, bai daɗe da fitowa daga makarantar tauhidi ba. Ya yi addu'a domin "dukan halittun da ke ƙarƙashin kulawar ubanmu", ya kewaye kalmar kare kamar mai tsallake kwata. Da muka iso gida Baba bai ci tuwo ba.

Ita kuwa Gwaggo ta ɗauki nata fannin. Safe da yamma tana gasa wurin da tsumma da ruwan zafi, ta shafa man kaɗanya, ta matsa da manyan yatsu tana neman bakin marurun, yadda ta yi mana duka muna yara. Na ce ta bari mu ji daga wurinka. Ta ce, "Na matse marurun Kaleb a gindi kafin ya san hanyar Rasha." Wurin ya kumbura ya yi jajir kamar tumatir, karen ya yi ta amai, ya ƙi abinci. Na ce shi ke nan, ta kashe shi.

Sai ya sace. Kaleb, na gani da idona. Ya koma kamar ƙwayar gyaɗa, sai ka lalube shi.

Lahadin godiyar kaka Baba ya sa babbar rigarsa. Ya ɗaure Fasinja a bakin ƙofar coci inda kowa zai gani, ya sa aka ɗauko masa zakara da buhun citta zuwa gaban bagade, ya ba da shaida. Ya ce an yi masa dariya, amma Wanda ya halicci kare bai yi dariya ba. Ya ce, "Mai shakka ya fita ya taɓa." Mutane suka fita suka taɓa, har layi aka yi. Baba ya juya daidai inda Zamani yake zaune, ban san yadda ya gane ba, ya ce, "Ɗan'uwa, ban ji amin ɗinka ba." Zamani ya ce amin. Tun rasuwar Mama ban ga Baba ya yi tsawo haka ba.

Yanzu gardamar da ta rage a gida ita ce ta rabon lada tsakanin Ubangiji da Gwaggo. Ni kam ina tunanin ajiye digirina in shiga koyon aiki a wurinta. Kai ma ka dawo, an gama ba da kai.

Yayarka,
Hulda

Gidan Waya, 13 ga Janairu, 1991

Kaleb,

Barka da sabuwar shekara. Muna lafiya. Wasiƙarka ta Nuwamba ta iso bayan an gama cinye naman Kirsimeti. Na karanta ta a ofis, na kai inda ka ce kada a matsa, kada a gasa, kada kowa ya taɓa, sai na tuna layin nan na bakin coci. Abokiyar aikina ta tambaye ni me ya ba ni dariya. Ba dariya nake yi ba.

Na karanta wa Baba daga farko har ƙarshe, ban tsallake komai ba. Da na zo kan "yakan sace da kansa" ya ɗaga hannu ya ce, "Da kansa? Yaron nan ƙasar marasa Allah ta fara shigarsa." Na karanta masa sauran. Ya tambayi ranar da ka rubuta, na faɗa. Ya ce, "To ai kafin shaidata ce. Wasiƙar ta tsufa, Ubangiji ya riga ta."

Na yi gwajin allurar. Na kai gilashin ɗakin gwajinmu, na rina, na leƙa madubin likita. Suna nan, cike da fili, kewayayyu, da ɗige-ɗigensu shunayya. Ba ka gaya mini suna da kyau haka ba. Na kira ɗalibaina su gani, don ba kullum ake samun irin wannan ba, suka zana a littattafansu, wata ta tambaya ko zai fito a jarrabawa.

Ya dawo, Kaleb. Yanzu ya kai ƙwan kaza, kuma a bayansa akwai kaluluwa mai tauri. Na hana Gwaggo taɓawa, ta yi fushi ta ce dama don an daina gashin ne ya dawo.

Baba ya sani. Kowace yamma yana shafa karen daga kai zuwa wutsiya, kuma ina ganin yadda hannunsa yake zuwa cinyar nan ya tsallake. Na ce masa na samo mota, Leonard ya ce mu zo. Ya ce, "In na kai shi Zariya, me zan ce wa jama'a? In ce Ubangiji ya yi rabin aiki ya bar wa likita sauran?" Na ce ba sai kowa ya sani ba. Ya ce, "Kare ya ɓace daga tasha makonni, ni ma in ɓace, ki ce ba wanda zai sani? A gaban bagade na faɗa, Hulda. Ba a kasuwa na faɗa ba."

Na je wurin Fasto in roƙe shi ya yi masa magana. Ya ce shaidar Baba ta ƙarfafa mutane da yawa, har wasu da suka ja da baya sun dawo, kuma shi yaro ne, ba zai ce wa dattijo ya janye ba. Ya yi mini addu'a, ni ma ba a ambaci sunana ba.

Ka rubuto wa Baba da kanka. Watakila muryar ɗa namiji ta fi tawa nauyi, ko da ta bakina za ta fito.

Hulda

Karkof, 2 ga Fabrairu, 1991

Yaya Hulda,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Na samu wasiƙarki ta Disamba, kuma ban taɓa zaton zan ji haka daga gare ki ba. Gwaggo ba ta yi makaranta ba, Baba ba ya gani. Amma ke? Ke da kike koyar da kimiyya, kin tsaya kina kallo ana matse ciwon daji da tsumma, har kina cewa za ki ajiye digiri, an gama ba da ni ba. In kin yarda ya warke, to me ya sa kika tambaye ni tun farko? Aman nan da ya yi, sinadarin ne ya zuba a cikinsa. Da ƙarar kwana da a hannun Gwaggo zai mutu.

Ƙarin bayani, 24 ga Fabrairu. Ban samu kai wannan wasiƙar gidan waya ba sai ga taki ta Janairu. Na so in yaga abin da ke sama, amma takarda tana wuya a nan. Ki yafe mini, Yaya. Na manta yadda kike magana in abu ya dame ki.

Tun da kaluluwa ta fito, ya fara tafiya. Ba zan ɓoye miki ba, ko an kai shi yanzu, da wuya wuƙa ta cim masa. Ba na jin zai ga ƙarshen damina. Ki ce wa Leonard ya ba ki firednisolon, da maganin ƙaiƙayi, da na gyambon ciki. Ba za su warkar ba, za su rage masa wahala. Ƙwayar farko takan sa ƙarin ya ragu na ɗan lokaci, ki gargaɗe su tun da wuri. In kin ga kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta, cikinsa ne ke zubar da jini. Daga nan kada ki bar shi ya daɗe.

Na zauna in rubuta wa Baba, na kasa. Me zan ce masa daga nan? Ki ce ina gaishe shi.

Kaleb

Gidan Waya, 12 ga Mayu, 1991

Kaleb,

Ina gaishe ka. Na yafe, kuma ka yi daidai da ba ka yaga ba, rabin farkon ma akwai gaskiya a ciki. Ruwa ya sauka, an fara shuka. Gwaggo lafiya. Baba kuma ga yadda yake.

Na samo magungunan, ana ba shi cikin ƙosai. Ƙarin ya ragu kamar yadda ka ce. Na gargaɗe su, amma Baba ya sa a wanke babbar rigarsa, zai ba da shaida ta biyu ranar Ista. Dole na zaunar da shi na sa masa ƙwayoyin a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, na ce wannan ne, kuma zai daina aiki. Ya juya su da yatsa ya miƙo mini. Rigar ta koma akwati. Ban taɓa yin aikin da na tsana kamar wannan ba, kuma na yi shi da kyau.

Bayan Ista wurin ya fashe. Gwaggo ta ɗinka masa wani abu kamar bante da tsohon zanen zumuntar mata, don kada a gani a hanya. Haka suka ci gaba da fita, tsoho da kare mai bante, a hankali, ƙudaje na binsu. Babu wanda ya ce komai. Garin nan ya iya shiru in ya ga dama.

Lahadin da ta wuce, a hanyar coci, Fasinja ya kwanta a gefen layin dogo ya ƙi tashi. Baba ya tsaya riƙe da igiya, bai san ko ina yake ba, bai kuma kira kowa ba. An ce har aka fara waƙar buɗe sujada yana nan tsaye. Zamani ne ya fito nemansa. Ya saɓa karen a kafaɗa, da farar rigarsa, ya kama hannun Baba ya kawo su gida. Gwaggo ta ce bai yi ko murmushi ba, cewa kawai ya yi, "Sannu, Kambai." Ina jin da ya yi dariya da Baba ya samu abin riƙewa.

Jiya na je gida da motar aro. Kashin ya yi baƙi tun tsakiyar mako. Na riga na shirya da likitan dabbobi na cikin gari zai yi masa allurar ƙarshe. Na tarar da su a ɗakin Baba, karen a kan tabarma, kansa a kan ƙafar Baba. Tun daga Gidan Waya nake shirya amsar da zan ba shi in ya tambaye ni ko da an kai shi Zariya da ya rayu. Na shirya ta gaskiya, na shirya ta ƙarya. Bai tambaya ba.

Ya ce, "Za a ji masa ciwo?" Na ce a'a, barci zai yi. Na ce ya zo mu tafi tare, akwai wuri a gaba. Ya ce, "Ta gaban tasha za ki bi ai." Na ce zan kewaya. Ya girgiza kai.

Gwaggo ta kama ƙafafun baya, na kama gaba. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Tana kuka tana ce masa, "Yi haƙuri, ɗana, ni na ɗauka maruru ne." Muka shimfiɗa shi a kujerar baya.

Na koma in yi sallama. Baba yana tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa, hannunsa ɗaya a jikin katako. Na ce gobe Lahadi, zan kwana in kai shi coci da mota. Ya ce, "Ki biya wurin Fasto. Ki ce ya ba wani kujerata ta dattawa, akwai masu jira." Na ce Baba, kare ne fa ya yi ciwo, ba kai ba. Ya ce, "Na ji. Ki tafi, kada ya sha zafi a mota."

Ya ja baya ya lalubo ƙofar ya rufe. Na ji ya sa sakata. Rana tsaka ce, Kaleb. Na ɗan tsaya ko zai ƙara cewa wani abu, sai karen ya yi nishi daga waje, na ɗauki makullin mota na fita.

Yayarka,
Hulda